Masarata tana naɗe ganye alhali na ba ta ruwa: yadda shuka ke jin wuya da yadda take aika saƙo a jikinta

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomin rani ne a Dadin Kowa, shekara uku ke nan da na gaji garkar mahaifina. Abubuwa uku sun ɗaure mini kai. A watan Maris sai in ba masarata ruwa da safe, amma kafin azahar ta naɗe ganye kamar wadda ta yi mako ba ta sha ba. Bara kuma na ga tumatir ya yi yaushi, na ƙara masa ruwa har ya kwanta a fangali, sai ya ƙara lalacewa, furen ma ya zube. Sannan a kantin magungunan gona an nuna mini wani ruwan feshi, an ce yana cire wa shuka wahala. Shuka ba ta da ƙwaƙwalwa, to ta yaya take sanin tana cikin wahala? Kuma wannan maganin gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa wa garkar albarka. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin manomi ne ya fi cancanta ya ji amsarta, tunda shi ke tsaye a kan shukar da rana tsaka. Aikina shi ne koyar da yadda jikin tsirrai ke gudana, kuma na daɗe ina bin gonakin rani daga nan Dadin Kowa har Balanga, saboda haka duk abin da ka lissafa na gan shi da idona. A baki tambayoyinka uku ne, amma saiwarsu ɗaya: ta yaya shuka ke gane halin da take ciki, ta yaya labari ke tashi daga saiwa ya isa ganye, kuma ina ne manomi zai iya sa hannu.

Akuya in rana ta dame ta sai ta koma gindin bishiya. Shuka kuwa inda aka binne ƙwayarta, nan za ta rayu, nan za ta mutu. Gaskiyarka ne, ba ta da ƙwaƙwalwa. Amma Allah ya hore mata wata hanyar: ƙwayoyin halittar jikinta suna auna ruwa da zafi da gishiri da iska, kuma suna aika wa juna sinadarai a matsayin manzanni. Naɗe ganye, zubar da fure, tsayar da girma, yawancinsu ba lalacewa ba ne tukuna, mataki ne da shukar ta ɗauka don ta tsira da ranta. Inda kuka saɓa da ita shi ne, ita burinta ta kai gobe, kai kuma burinka buhu da kwando. Duk matakin kare kai da ta ɗauka, daga cikin amfaninka ake biyan kuɗinsa.

Ƙofofin da ke jikin ganye

Jikin ganye cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, dubbai a fili kamar faɗin farce. Kowace ƙofa tana da ƙwayoyin halitta biyu masu gadinta. A tumatir kamanninsu kamar ƙwayar wake biyu da suka fuskanci juna. In sun cika da ruwa sai su bankare, ƙofa ta buɗe. In sun sace sai ƙofa ta rufe. Ta nan iskar kabon ke shiga, wadda ganye ke haɗawa da hasken rana ya yi sukari, wato abincin da zai zama ƙwayar masara da ɗan tumatir. Ta nan ɗin dai ruwa ke fita. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ruwan da shuka ta sha ta waɗannan ƙofofi yake tashi sama. Ba asara ce zalla ba, domin wannan tashin ne ke sanyaya ganye, kamar yadda tulun ƙasa ke sanyaya ruwa da gumin da yake yi. Ka ga ke nan ƙofa ɗaya ce ta abinci, ta ƙishirwa da ta sanyi. Kusan duk rigimar da shuka ke yi da fari a bakin wannan ƙofa ake yin ta.

Manzon fari

Babban manzon da ke ba da umarnin rufe ƙofa wani sinadari ne da masana ke kira ABA. A 1963 Frederick Addicott da abokan aikinsa a Kalifoniya suka tace shi daga ƙananan ƙwallon auduga, audugar nan dai da ta ɗaga sunan Gombe, wadda har yau unguwar BCGA, mai ɗauke da sunan tsohuwar ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, ke tuna mana da zamaninta. A daidai lokacin Philip Wareing a Birtaniya ya same shi a ganyen bishiya. An san sinadarin, an san aikinsa, amma sai da aka shekara 46 kafin a gano hannun da ke karɓar saƙonsa a cikin ƙwayar halitta. A 2009 ne ƙungiyar Sean Cutler a Amurka da ta Erwin Grill a Jamus suka gano shi, kowace da kanta.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauka a cikin ƙwayar halitta akwai ingarman doki, wato wani furotin mai suna SnRK2, a shirye yake ya zabura, amma wani furotin mai suna PP2C yana riƙe da linzaminsa. Muddin akwai ruwa, dokin yana tsaye. Da fari ya taɓa shuka sai ABA ya yawaita a ganye, ya ninka sau goma ko fiye. Sai ya shige cikin furotin mai karɓarsa, su biyun su damƙe hannun mai riƙe da linzami. Doki ya kuɓuce. Abu na farko da yake yi shi ne buɗe mafita a jikin masu gadin ƙofa, gishirin cikinsu ya kwarara waje, sinadarin fotashiyam ya bi, ruwa ya bi bayansu, masu gadi su sace, ƙofa ta rufe. Duk wannan cikin 'yan mintoci ne. Abu na biyu ya fi ɗaukar lokaci: yana tada ƙwayoyin gado masu yawa da ke kwance, shuka ta fara tara sukari da wani sinadari mai suna furolin don ƙwayoyinta su riƙe ɗan ruwan da ya rage, ta rage girman kara da ganye, ta bar saiwa ta ci gaba da nutsawa neman laima.

To wa ke gaya wa ganye cewa ƙasa ta bushe? A 1985, a Jami'ar Lancaster ta Ingila, an raba saiwar masara gida biyu, rabi a tukunya mai ruwa, rabi a wadda aka bari ta bushe. Ganyen bai rasa ruwa ba ko kaɗan, amma ƙofofinsa suka fara rufewa. Wato labari ya riga ƙishirwa isowa. Nakan maimaita wannan da ɗalibaina da gwangwani biyu, kuma duk shekara sai na ga mamaki a fuskarsu. Da farko an ɗauka ABA ɗin saiwa ne ke hawa. Daga baya aka yi auren dashe tsakanin tumatirin da ke iya yin ABA da wanda ba ya iyawa, aka ga yawancin wanda ke rufe ƙofa a ganyen kansa ake yin sa. Saiwa tana aika gargaɗi ne ta hanyoyi da dama: raguwar ƙarfin ruwan da ke hawa cikin kara, walƙiyar sinadarin kalsiyam a cikin ƙwayoyin halitta, da wani ɗan guntun furotin mai suna CLE25 da masana a Japan suka bayyana a 2018, wanda ke tashi daga saiwa ya je ya sa ganye ya fara yin ABA.

Mu koma kan masararka

Iskar Gombe a watan Maris da Afrilu busasshiya ce, ga zafi yana kai maki 40. Irin wannan iska tana zuƙe ruwa daga ganye da saurin da saiwa ba za ta iya cike gurbinsa ba, ko da ƙasa tana da laima. Ganyen masara da dawa da shinkafa yana da wasu manyan ƙwayoyin halitta jere a samansa, su ne ke fara sacewa, da sun sace sai ganye ya naɗe kamar tabarma. Wannan ba ya ma jiran manzo, ƙirar ganyen ce haka. Amfaninsa shi ne rage fuskar da rana ke duka, da tare ɗan danshi a cikin naɗin.

Saboda haka naɗewa kaɗai ba hujja ba ce cewa ruwanka ya gaza. Lokacin naɗewar ne hujja. In sai wajen azahar take naɗewa, kuma kafin magariba ta warware, iska ce ta fi ƙarfin saiwa na ɗan lokaci. In kuwa tun da hantsi ta naɗe, ko ka zo da asuba ka tarar ba ta warware ba, to ƙasa ce ta bushe a inda saiwa take. Kada ka yarda da laimar da ke sama. Ka tona taƙi ɗaya ko biyu, ka dunƙula ƙasar a hannu. Kuskuren da na fi gani a wurin matasan manoma shi ne ruwa kaɗan-kaɗan kullum don tsimin man inji. Saiwa tana bin laima, in laimar a sama take sai ta zauna a sama, inda rana ke dafa ƙasa. Gara ka ba da ruwan da zai ratsa, ka ɗaga kwanaki gwargwadon ƙasarka, domin jigawa ba ta riƙe ruwa kamar baƙar laka. Ka kuma rufe ƙasa da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa.

Amma kada ka raina naɗewar azahar ma. Duk awar da ƙofa ta yi a rufe, awa ce da ba a dafa abinci ba. Masara ƙarama tana iya ramawa. Inda ba a ramawa shi ne lokacin da ta fitar da kai za ta yi goyo. Gemun goyo kusan ruwa ne zalla, kuma da ƙarfin ruwa yake tsawo. In fari ya taɓa shi sai ya makara fitowa, bununin sama ya gama zuba gemu bai fito ya tare shi ba, ka ɓare goyo ka tarar da giɓi. Ko an samu haɗuwar ma, 'ya'yan da suka ƙullu suna iya zubewa saboda sukari ya daina isa gare su. John Boyer da abokan aikinsa a Amurka sun nuna haka a 1991: sun ɗura ruwan sukari ta cikin karan masarar da fari ya kama a wannan lokaci, sai yawancin 'ya'yan suka tsira. Don haka in man inji zai gaza maka, ka yi tsimi a farkon shuka ko bayan ƙwaya ta yi tauri. Mako biyu kafin ta fitar da kai da mako biyu bayan haka, ko bashi ne ka ci ka ba ta ruwa.

Tumatirin da ruwa ya shaƙe

Abin da ya same ka bara ya sami manoma da yawa, kuma yana ba ni takaici domin da kyakkyawar niyya ake yin sa. Saiwa tana numfashi. Iskar oksijin da take shaƙa tana cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike ramukan, tafiyar iska tana raguwa kusan sau dubu goma, kuma a ƙasa mai zafi saiwa da ƙananan halittun ƙasa suna cinye ragowar cikin sa'o'i. Saiwar da ta shaƙe tana toshe ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi ya shige ta. Sai ka ga shuka tsaye cikin ruwa tana fama da ƙishirwa. Kai kuma ka ga yaushi ka ƙara ruwa.

Manzon wannan hali daban ne. Iska ce mai suna etilin, ita ce ke nunar da ayaba da mangwaro in an rufe su. Saiwar da ta shaƙe tana tara wani sinadari mai suna ACC, wanda daga shi ake yin etilin, amma juya shi yana buƙatar oksijin, ita kuwa ba ta da shi. Sai ta tura shi sama cikin ruwan kara. Da ya isa ganye, inda iska take, sai ya rikiɗe ya zama etilin. Kent Bradford da Shang Fa Yang ne suka nuna wannan a 1980, kuma a jikin tumatir suka nuna shi. Etilin yana sa hannun ganye ya lanƙwasa ƙasa, tsofaffin ganye su yi rawaya, fure ya zube, kara ya fara fitar da fararen saiwoyi a saman ƙasa don neman iska.

A nan akwai alamar da za ta cece ka. Ganyen da fari ya kama laɓo-laɓo yake kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wanda etilin ya lanƙwasa, a farkon lamarin, ya sunkuya ne amma in ka taɓa shi da ƙwarinsa. Sai dai ba kowane yaushi ne saƙon ruwa ba. Ka yanke karan wanda ya yi yaushi ka tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau. In ka ga wani farin abu yana zarya daga ciki kamar hayaƙi, cutar ƙwayoyin bakteriya ce. In ka tuge ka ga saiwa da ƙulle-ƙulle, tsutsar ƙasa ce mai cin saiwa. Waɗannan ba ruwa ke maganinsu ba. A laka irin ta bakin Gongola, tumatir da tattasai a kan kunya ya kamata su zauna, ruwa ya bi kwari ya wuce, kada ya kwana.

Shinkafa ma da etilin take gane ta nutse, amma amsarta iri biyu ce. Wata tana zabura ta yi tsawo don ta fitar da kai saman ruwa. Wata kuma, mai ɗauke da ƙwayar gado SUB1A, tana lafewa ta daina girma, ta adana abincinta har ruwa ya janye, tana iya kai mako biyu a nutse. Daga wata tsohuwar shinkafar manoman gabashin Indiya aka samo wannan hali, aka bayyana ƙwayar gadon a 2006, kuma a 2017 Nijeriya ta fitar da FARO 66 da FARO 67 masu ɗauke da shi. Duk mai shinkafar damina a fadamar da ambaliya ke hawa ta sauka, ya kamata ya nemi waɗannan. Ina kawo wannan misali ne don ka ga binciken manzannin nan ba zancen ɗakin gwaji ba ne kawai, ya zama iri a buhu.

In zafi da fari suka haɗu

Zafi yana narkar da siffar furotin, kamar yadda farin ƙwai ke canzawa a kasko. Da shuka ta ji haka sai ta fara yin wasu furotin na musamman masu riƙe sauran kada su lalace, kuma cikin ƙasa da awa ɗaya ake fara ganin su. Sannan tana so ta buɗe ƙofa ta yi gumi. To amma in ƙasa ta bushe, ABA yana cewa a rufe. Gaba kura, baya siyaki. Binciken Ron Mittler da abokan aikinsa a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa in an haɗa wa shuka zafi da fari, ƙofa a rufe take zama, ganye ya fi zafi, kuma ƙwayoyin gadon da ke tashi ba jimillar na zafi da na fari ba ne, wani tsari ne na daban. Bazararmu kuwa kullum a haɗe take kawo su.

A jikin tumatir abin da ya fi rauni a gaban zafi shi ne bununin fure. In rana ta wuce maki 32, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 ko 22, bununi yana fara lalacewa, kuma ɓarnar tana faruwa ne tun mako ɗaya zuwa biyu kafin furen ya buɗe. Furen da bai ƙullu ba yana daina aika saƙon da ke cewa a riƙe shi, sai etilin ya yanke shi a 'yar gaɓar nan da ke wuyansa. Ke nan furen da ka ga ya zube yau, zafin makon jiya ne ya kashe shi, feshin yau ba zai dawo da shi ba. A ganina, furenka na bara duka biyun suka taru a kansa, shaƙewar saiwa da zafi. Maganin wannan a kalanda yake: ka yi dashe da wuri yadda yawancin fure zai faɗo cikin hunturu, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. In dole sai ka kai bazara, ka nemi irin da aka tace don jure zafi.

Akwai abu mai daɗi kuma. Shukar da ta ɗanɗana wuya kaɗan tana riƙe shirin da ta yi na wasu kwanaki, in babbar wuyar ta zo ta tarar da ita a shirye. Shi ya sa tsofaffin manoma ke rage wa yayyafi, wato ƙananan shukar da za a dasa, ruwa da inuwa mako guda kafin dashe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na sha ganin bambancin a gona: yayyafin da aka shagwaɓa da ruwa da takin yuriya har ranar cirewa, shi ke fara kwanciya.

Mai satar sauraro

In damina ma kana noma, bari in taɓo wuta-wuta, wadda wasu ke ce wa ƙuduji, domin babu misalin da ya fi ta nuna cewa saƙon shuka abu ne na gaske. In dawa ko masara ta rasa sinadarin fosforas, irin wanda ke cikin takin sufa, saiwarta tana zubar da wani sinadari cikin ƙasa don kiran wata funfuna mai amfani da ke taimaka mata tsotso abinci. A 2005 aka tabbatar da wannan aikin nasa a Japan. Ƙwayar wuta-wuta tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara goma ko fiye, ba ta tsira sai ta ji wannan kiran, domin shi ke gaya mata ga saiwa kusa. Gwargwadon yunwar gona, gwargwadon ƙarfin kiran. Abin da iyayenmu ke faɗa cewa wuta-wuta ciwon matacciyar gona ce, ga dalilinsa. Sannan a 2019 masana daga Japan da Sudan suka gano cewa wuta-wuta kurma ce ga ABA. Wato in fari ya zo, dawa ta rufe ƙofofinta, ita kuwa ta bar nata a buɗe, ruwa ya riƙa gudu daga dawa zuwa gare ta.

Sanin wannan ya ba mu makami. Sinadarin farko na dangin wannan kira daga saiwar auduga aka tace shi a 1966. Auduga da waken suya suna kiran ƙwayar wuta-wutar dawa ta tsira, amma ba ta iya kama su, sai ta mutu. Juya shuka da su yana rage taskar da ke cikin ƙasa. Taki, na gida da na zamani, yana rage kiran. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha, ya samu babbar kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda dawar da ya tace mai jure fari da wuta-wuta. Wadda ta riga ta fito kuwa a tuge ta kafin ta yi fure, domin guda ɗaya tana zubar da dubban ƙwayoyi.

Wani abu kusa da wannan, saboda dabbobinka: ƙaramar dawa da gyauronta suna ɗauke da sinadarin kare kai da ke sakin guba irin ta rogo mai ɗaci, kuma fari yana ƙara shi. Makiyaya sun daɗe da sanin haka. Kada ka saki awaki ko shanu a kan gyauron da fari ya tsumbure.

Kwalbar feshi

Irin waɗannan ruwan feshi yawanci abin da ke cikinsu shi ne ruwan ciyawar teku, ko guntattakin furotin, ko ƙananan sinadaran abincin shuka. Ba zan ce duka ƙarya ba ne. Wasu suna ɗan tada shirin kare kai da na bayyana, kuma in ƙasa ta rasa wani sinadari suna iya cike gurbinsa. Amma sakamakon gwajinsu a gonaki hawa da sauka yake yi, wani wuri a ga ɗan ƙari, wani wuri ba a ga komai ba. Kuma ka duba abin da muka bi: feshi ba ya sa ruwa a ƙasa, ba ya sa iska a saiwar da ta shaƙe, ba ya ta da bununin da ya mutu. Ko ABA ɗin kansa aka fesa, abin da zai yi shi ne rufe ƙofa, shuka ta jure ƙishirwa amma ta rage dafa abinci. Masana suna aiki a kan sinadaran da ke kwaikwayonsa, ƙungiyar Cutler ta bayyana wani mai ƙarfi a 2019, amma ba shi ne ake sayar maka a kanti ba.

In kana son gwadawa, ka karanta abin da aka rubuta yana ciki, ka duba ko yana da rajista. Ka fesa wa fangali uku, ka bar uku a gefensu, iri ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, ka ƙirga kwanduna. Da sassafe ko da yamma ake feshi, ba a kan ganyen da ya naɗe da rana tsaka ba. Haka nan kada ka zuba yuriya a busasshiyar ƙasa don ka ga shuka ta yi yaushi. Gishirin takin yana janye ruwa daga saiwa, ya ƙara mata irin wuyar da take ciki.

Ka kuma san iyakar wannan amsa. Yawancin manzannin da na ambata a jikin wata 'yar ciyawa ta ɗakin gwaji mai suna Arabidopsis aka fara gano su, sannan aka bi su a amfanin gona, kuma a fili abubuwa da yawa ke haɗuwa lokaci guda. Ni kuma daga nesa nake magana, ban taka garkarka ba. In kana ganin farin ɓawo kamar kanwa a bakin fangali, wannan batun gishiri ne, yana sa shuka ƙishirwa ko da ruwa, kuma sai an auna ƙasar da ruwan kafin a yanke shawara. Kana da sa'a Kwalejin Noman Lambu ta Tarayya tana nan garinku, ga kuma malaman gona. Kafin ka je wurinsu, ka yi kwana uku kana duba masarar da hantsi, da azahar, da magariba, kana tona ƙasa kana rubuta abin da ka gani. Ka tuge tumatir ɗaya mai yaushi ka wanke saiwarsa: fara mai ƙamshin ƙasa lafiyarta ƙalau, mai duhu da wari ta shaƙe. Ka rubuto mini abin da ka samu, da kwanan watan da ka yi dashe, sai mu daidaita kwanakin ban ruwan tare. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.